Na Ukun Ya Fito, Inno Ba Ta Nan

Zuwa ga maiɗakina, 'Yar Gummi,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, na ɗauki alƙalami ne domin wata magana da ta hana ni sukuni. Idan na kai ta majalisar ƙofar masallaci dariya za a yi mini. Ke ma za ki yi dariyar, na sani, amma ke idan kin gama kina ba da shawara.

Maganar takwararki ce, Inno, ɗiyar ɗanmu Bello. Kin san abin da ya same ta a shekarar gubar dalma, lokacin da ake niƙa dutsen zinari a tsakar gidansu can ƙauye, ita kuma tana rarrafe cikin ƙurar. Ke kika yi jinyarta a asibiti nan Anka, kika tafi kika bar ta tana tatata. Yanzu ta isa shiga makaranta, amma harshenta da nauyi, karatu ba ya zama mata, kuma yara sukan gudu su bar ta a baya. Wani lokaci jijjiga takan kama ta. Shi ya sa tun da Bello ya dawo da iyalinsa cikin gari, a wurina take wuni. Ni da ita ne a gidan nan, sai akuyarki da ta tsufa kamar ni.

A farkon damina wata ma'aikaciyar jinya da ke duba yaran da gubar ta taɓa ta gama aikinta za ta koma ƙasarsu, sai ta ba Inno wani kwali na wasan yara. A ciki akwai raga mai zif, kamar gidan sauro na 'yar tsana, da ƙaramin gilashi mai ƙara girman abu, da takarda mai hotuna. Na ɗauko tabarau na tono Turancin elemantare da ya yi tsatsa a kaina. Wai kiwon tsutsa ake yi a ciki har ta zama malam-buɗe-littafi. Wai kuma ita tsutsar ta gidan waya ake aikowa da ita idan mutum ya nema. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Mu da muka ƙare rayuwa muna murƙushe tsutsa a gonar wake, ashe akwai ƙasar da ake yi mata ambulan.

Inno ba ta yi dariya ba. Ta ɗora yatsa a kan hoton ta ce, "Baba Tsoho, akwai ta ga tumfafiya." Ta ja ni da sandata har bayan gida, ta juya ganye, sai ga su, masu zanen baƙi da fari da rawaya. Shekaruna nawa ina wuce tumfafiyar nan ban taɓa juya ganyenta ba. Muka ɗauki uku.

Na tuna yadda kike tsawata wa yara a kan nonon tumfafiya: "Ku bar shi, makanta a cikinai!" Don haka ni nake tsinko ganyen, in wanke hannu da sabulu, sannan in miƙa mata. Ita kuma ta zauna da gilashinta tana kallon yadda suke ci. Yarinyar da ba ta iya zama a aji, sai ta yi hantsi guda ba ta motsa ba. Har suna ta sa musu: Mai Ci, Malalaci, da Na Uku. Ban taɓa jin ta jera magana mai tsawo kamar a kwanakin nan ba.

Na Uku ne ya fara hawa saman ragar ya rataye kansa, ya rufe cikin wani kwanso kore. Da na duba da gilashin na ga ɗige-ɗige a jikinsa suna walƙiya kamar zinari. Gabana ya faɗi, 'Yar Gummi. Kin san ba na son ganin launin nan tun daga waccan shekarar.

Washegari jijjiga ta kama Inno, irin wadda ba mu taɓa gani ba. Aka ce a wuce da ita Sakkwato. Kafin a sa ta a mota ta farfaɗo kaɗan, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Kar ka buɗe sai na dawo. Ni za ni buɗe musu." Na ce na yi alkawari. Bello da matarsa suka tafi da ita, aka bar mini waya da ragar.

Kin tuna Tumba maƙwabciyarmu? Ita ke kawo mini tuwo yanzu. Tun farko take tsokanata: "Malam, mutane na kiwon tumaki, kai kana kiwon tsutsa? In sun yi ƙiba a kira ni fiɗa." Rannan na tafi sallar magariba, ta shigo ta ga sauro ya cika ɗakin, sai tausayina ya kama ta, ta yayyafa fiya-fiya, maganin sauron nan, a kowane lungu ta ja ƙofa. Da na dawo na tarar Mai Ci da Malalaci sun faɗo ƙasan ragar sun nannaɗe. Tumba ta dafa ƙirji tana cewa, "Wallahi ban san nan ciki sunka kwana ba, Malam. Lafiyarka nika dubi." Alheri ta yi nufi. Na fitar da ragar iska, na binne biyun a gindin tumfafiya.

Saura kwanson. Na mayar da shi rumfa, na hana hura wuta kusa da shi, na yi ta kora ƙadangaru da sanda. Da ya fara baƙi na ce shi ma maganin ya cim masa. Abinci ya fita kaina. Duk lokacin da Bello ya kira, nakan ji tsoro biyu: abin da zai gaya mini, da abin da za ta tambaye ni idan an kara mata wayar a kunne.

Shekaranjiya da hantsi kwanson ya tsage. Na ga abin da idona. Na Uku ya fito a jiƙe, a yamutse kamar tsumma, har na ce nakasasshe ne. Sannu a hankali fikafikan suka miƙe, ruwan goro, bakinsu baƙi da ɗigon fari. Na juya in ce miki zo ki gani. Har yau nakan yi haka.

Na kira Bello in yi wa Inno albishir. Ya ce an yi mata allura tana barci, ba ta farka ba tun jiya, likitoci sun ce a jira. Muryarsa irin ta ranar da ya kira ni a kan ciwonki ce.

To ga maganar. Takardar ta ce kada a daɗe ba a sake shi ba. Na jiƙa auduga da ruwan sukari kamar yadda hoton ya nuna, ya ɗan taɓa ya bari. Yanzu dukan ragar yake yi ba hutawa, gefen fiffikensa ɗaya ya fara zubewa. Idan na riƙe shi, zai mutu a hannuna, Inno ta dawo ta tarar da gawa uku. Idan na buɗe, na karya alkawarin yarinyar da mutane da yawa suka yi wa alkawari suka manta saboda sun ɗauka ba ta fahimta. Ke kika sha gaya mini, "Malam, yaro bai san uzuri ba, abin da ka ce shi ya riƙe."

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Zuciyata ta ɗaure ran yarinyar nan da wannan ƙwaro. Na san camfi ne, na yi istigfari ba adadi, na san rai a hannun Allah yake. Duk da haka ina tsoron in zuge zif ɗin, ya tashi, wayar ta yi ƙara.

Na tambayi kaina me za ki yi. Ke ba ki taɓa iya kallon abu yana wahala ba, ko kazar da za a yanka sai kin ba ta ruwa. Na san da kin buɗe, kin kuma zauna kin gaya wa Inno gaskiya da bakinki, kin ɗauki fushinta. Fushinta nake roƙon Allah Ya nuna mini. Ta dawo ta ƙi gaishe ni, ta juya mini baya wata guda, na yarda.

Kafin in fara wannan layin na ajiye alƙalami, na kai ragar bakin rumfa, na yi bisimilla na zuge. Ban kore shi ba. Na dawo na zauna na ba shi baya, don ba zan iya kallo ba.

Yanzu na waiwaya. Babu komai a ciki sai audugar. Wayar tana nan kan tabarma kusa da gwiwata, ba ta yi ƙara ba. Ina kallonta.

Allah Ya tashi kafaɗun takwararki, Ya dawo mini da ita da ƙafafunta. Ya yafe mini alkawarin da na saɓa. Ke kuma Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi, Ya haɗa mu inda ba a jiran labari daga asibiti. Amin.

Ni ne mijinki da kika bari a rumfa,
Malam Abdu, Anka