Tafki a Kan Tudun Halima

Gaya,
Litinin.

Zuwa ga aminina Bappa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya tare da Hajiya da yara, kuma ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

Ka tambaye ni ko har yanzu ina taɓa aiki. Tun da na bar ofishin safiyo babu mai neman ilimina, hatimina kawai ake so. Wani kamfani ne ya samu kwangilar haƙa tafkin noman rani a Gafasa, can Ajingi, aka ce sai safiyo mai rajista ya sa hannu a taswirar. Shi ne suka tuna ina da rai.

Injiniyansu, Mudassir, sa'an autana ne. Ba ya taka gona. Ɗan jirgin nan marar matuƙi yake tayarwa, ya ɗauko hotuna rututu, ya zuba wa kwamfuta, manhaja ta harhaɗa su ta fitar da siffar ƙasa da miliyoyin ɗigo. Wai gajimaren ɗigo suke kiran abin, kuma sunan ya dace, don abin da na gani ba ƙasa ba ce. Duk inda yashi ya shimfiɗu taswirar ta huje. Kukar bakin hanya ta zama biyu, ɗaya a kan ɗaya. Na nuna masa, ya yi mini murmushin da ake yi wa tsoho, ya ce zai tace. Mu da muka sha rana muna jan sarƙar awo a Zariya, yau mu ake lallashi.

Da a nan abin ya tsaya da ban ɓata takarda ba. Taswirar ta nuna wurin da ya fi kwari a yankin duka shi ne gonar ƙanwata Halima Sadiya, kuma nan za a haƙa tafkin. Ka san gonar, mun ci ɗanyar gyaɗa a cikinta. Tudu ce, Bappa. Tun rasuwar mijinta da ita take ci da gidan. Ban sa hannu ba tukuna.

Ka gaida mutan gidan.

Naka,
Uthman Kabo

Gaya,
Asabar.

Bappa,

Bayan sallama da fatan alheri, na samu saƙonka, na kuma gode da addu'a. Yaya jikin?

Na zauna da yaron a ofishinsu, ko kujera sai da na nema. Na sa ya sake tayar da jirgin a kan yashin, hotuna su riƙa hawa kan juna sosai, ramukan suka toshe. Muka fitar da hotunan da suka yi dishi-dishi, kukar ta koma ɗaya. Amma kwarin gonar Halima yana nan daram.

Bari in yi maka bayani, don a zamaninmu babu wannan. Kafin jirgi ya tashi, sukan shimfiɗa buhuna masu fentin baƙi da fari a gonaki, su auna mazaunin kowanne da tsayinsa da na'urar GPS. Da waɗannan alamu manhaja take ɗaure taswira da ƙasa. To, malaman namu sun auna ranar Alhamis, suka tafi Kano hutu, sai bayan sun dawo suka ɗauki hoto. Babu wanda ya ga ya dace ya gaya wa mai unguwa ko manomi ɗaya amfanin buhunan.

Ka san mutanenmu. Manomi ya ga baƙi da mota sun kafa alama a gonarsa, me zai ɗauka in ba sabuwar iyaka ba? Kowa ya ja nasa buhun ya ɗan kai cikin gonar maƙwabci. Na sa Mudassir ya buɗe hoton gonar Halima ya ƙara girmansa, sai ga buhun zaune a ƙololuwar suri. Na je Gafasa na tambaya. Anas ne, babban ɗanta, magidanci da gemunsa. Ya ga alamar a tsakiyar gona, ya ce za a yanke musu rabi, ya ɗauke ta ya kai kan surin da yake iyakarsu tun zamanin kaka, har da danne ta da duwatsu. Yana ba ni labari yana jiran in yaba masa.

Ka ga an gaya wa manhaja buhun yana ƙasa, alhali yana kan surin da ya fi mutum tsawo. Ita kuwa ba ta musu. Sai ta danne gonar gaba ɗaya don lissafi ya fita. Muka cire wannan alamar, muka sake sarrafawa, kwarin ya taso ya koma tudu a gaban idon yaron. Ruwan gorarsa ya yi ta kurɓa. Na gaya masa sauran alamun ma ba abin yarda ba ne, sai an sake aunawa an tashi jirgi rana guda. Ya ce zai gaya wa ogansa.

Ban san wanda ya fi ba ni takaici ba, mai digirin da bai iya gaida mai unguwa ba, ko ɗan ƙanwata da ya haƙa wa uwarsa rami da hannunsa.

A gaida Hajiya.

Naka,
Uthman

Gaya,
Laraba.

Aminina Bappa,

Ina gaisuwa, ina kuma fata kowa lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Ogan ya zo da kansa, da ƙamshin turare da dogon salati. Ya saurare ni yana duba waya. Ya ce tsohuwar taswirar ta riga ta tafi sama, manya sun gani sun yaba, an ma sa ranar buɗe aiki, kuma ba zai koma ya ce musu buhu ne ya hau suri ba. Ya kira ni Baba sau da yawa. Mudassir, wanda ya ga gaskiya da idonsa, yana gefe yana goge gilashinsa.

Na ƙi sa hannu. Kada ka yaba mini, don babu abin da hakan ya hana. Sun samu wani a Kano ya buga musu hatimi, mutumin da ko hanyar Ajingi bai sani ba. Na rubuta ƙorafi na kai inda ya dace, aka karɓa da hannu biyu, aka ce in gaida gida.

Shekaranjiya katafila ta iso Gafasa. Za su haƙa tafki a kan tudu su zauna jiran ruwa ya hau.

Halima ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zarge ni ba, abin da ya fi yi mini zafi ke nan. Takin da ta tara ta zuba a gonar don damina mai zuwa shi ta sa aka kwashe a amalanke, ta ce ba za ta bari a binne shi ba. Ba ta da inda za ta kai, sai ta turo mini. Yana nan jibge a ƙofar gidana, maƙwabta suna tambaya ko noma na koma.

Ka sa mu a addu'a. Ina gaida kowa da kowa.

Naka har kullum,
Uthman Kabo