Katifar Kaka da Ƙirjin Jika

Zuwa ga Autata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da mijinki da nawa mijin. Ni lafiya lau, sai gwiwa, ita ma tana gaishe ki.

Bayan haka, an yi hutun makaranta, yaran layinmu sun cika mini tsakar gida, amma maigidana shiru. Na gyara masa katifar kakansa, na hana kowa taɓa gwaibar bayan ɗaki, har tsuntsaye na ja wa kunne. Sai ga direban da ke kawo mini saƙonki yana cewa wai bana ba zai zo ba, wai duk lokacin da ya koma daga wurina ƙirjinsa fito yake yi kamar butar shayi. To ke ba a gidan nan kika girma ba? Ban taɓa jin numfashinki ya sarƙe ba sai in an ce ki yi wanke-wanke.

Ki turo mini mijina. Ba na son zaman gwauranci, ko da mijin ɗan aji uku ne mai wawulo.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Inna, ba wasa ba ne. Wancan hutun da ya dawo, a mako na biyu numfashinsa ya kama shi a aji, malamarsu ce ta kai shi asibiti. Likita ta gano abu biyu. Na farko tsutsar ciki. Ta ce daga ƙasa ake ɗaukarta, a hannu da farce da ’ya’yan itacen da ba a wanke ba, kuma ƙananan kan ratsa huhu kafin su zauna a hanji, shi ya sa yake tari. Na biyu, ƙirjinsa ba ya son ƙura da hayaƙi da gashin dabba. Ta tambaye shi inda yake kwana a gidanki, ya ce a kan katifar auduga, mage a gefen kansa, kurfotinki na gawayi kuma a bakin ƙofa.

Ni ma ban tsira ba. Ta hana ni kunna maganin sauro mai hayaƙi, ta sa na naɗe dardumar falo.

Ga ƙwayar maganin tsutsa nan na ba direba. Likita ta ce duk wanda yaron ya zauna da shi ya sha, har ke. In katifa da mage da kurfoti suka bar ɗakin, zan kawo shi da kaina. Kullum sai ya tambaye ni ke.

’Yarki, Auta.

*

Autata,

Na amsa gaisuwa. Wasiƙarki kuwa sai da na karanta ta sau biyu, na farko da fushi, na biyu da tabarau.

Ashe duk abincin da nake ɗura wa mijina baƙi yake ciyarwa! Ni ina cewa rowar ƙiba ya gado wurin ubansa. Ƙwaya kuma na sha. Tela maƙwabciyata ta tsaya a kaina har na haɗiye, tana dariya, wai a shekaruna ana yi mini maganin ’yan firamare. Na ce ta bari, ita ma na ga yadda take lasar yatsa.

Maganar katifa ce ta ɓata mini rai. Na ce bari in nuna wa likitarku cewa katifata ta fi gadon asibitinta tsabta. Na sa aka fito da ita tsakar gida, na ɗauko muciya na zabga mata sau ɗaya. Auta, ƙurar da ta tashi har ban ga ƙofar ɗakina ba. Na zabga na biyu don taurin kai. Sai tari, sai hawaye, sai ga ƙirjina ni ma yana busa. Tela ta leƙo ta katanga tana cewa, “Inna, akuyar wa ta shaƙe?” Na ce, “Akuyar uwar Auta ce, kawo ruwa!”

Na zauna a kan turmi ina kallon katifar. A kanta mahaifinki ya yi jinyarsa ta ƙarshe, gefensa har yanzu da ɗan rami. Shi ya sa nake kwantar da yaron a wurin, ramin daidai shi. Amma mahaifinki da kansa, da zai ji jikansa yana neman numfashi, shi zai fara cinna mata ashana. Na farke ta, audugar ta tafi bola, rigar na wanke na ninke a akwati. Na sayi ta soso mai rigar leda, in na juya sai ta yi ƙara kamar ana buɗe biskit.

Kurfoti ya koma rumfar waje. Mage na kai ta shagon kafinta, ta dawo. Na sake kai ta, ta riga ni isowa gida. Yanzu mun yi sulhu: tsakar gida nata, ɗaki nawa, na sa an buga wa taga raga. Tana zama a bakin ƙofa tana hararata kamar na ci mata gado.

Na sayi sabulu da abin yanke farce da ɗan takalmin roba. Saura me?

Mahaifiyarki.

*

Inna,

Na yi kuka, na yi dariya. Muna tafe ranar Asabar. Zai yi kwana biyu mu gani tukuna. Maganin shaƙarsa yana aljihun jaka, ya iya amfani da shi. In kin ji ko ɗan fito ne, ki kira ni, kada ki ɓoye don ya zauna. Allah ya bar mana ke.

Auta.

*

Autata,

Gaisuwa a taƙaice, hannuna da kumfa.

Kullum da safe sai na kara kunnena a bayansa, in ce ya ja numfashi. Shiru kake ji, kamar ɗakin da aka share. Jiya ya yi tsere da yaran layi ya zo na biyu, ya dawo yana haki irin na masu lafiya, ya ce laifin takalmin ne. Maganin shaƙa yana nan a aljihun jaka, ina dubawa, ba mu taɓa shi ba. Ba na ɓoye miki komai.

Yanzu shi ne likitan gidan. Ba na kai loma baki sai ya ce, “Kaka, nuna hannu.” Ɗazu ya kori kafinta daga bakin tire sai da ya je ya wanke.

Direba ya zo ɗaukarsa, na ba shi ruwa ya sha, na ba shi wannan takarda. Mijina ya ce a gaya miki sai an koma makaranta.

Mahaifiyarki.