Motar da Ba Ta Zuwa Kahu

Asabar, 6 ga Yuni, 2009

Motar ta iso. Ja, ƙofa biyu, 'yar Kwatano. Tun ina ɗalibi nake son irinta, sai da furfura ta rufe ni na samu. Matata Saude ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Malam, ina ake sa mutane?" Na ce ba a sa su. Shekara da shekaru tsohuwar motata ce ke ɗaukar amaren dangi da buhunan masararsu da marasa lafiyarsu. Na yi ritaya daga koyarwa, na yi ritaya daga wannan ma.

Talata, 9 ga Yuni

Na karanta a wata mujallar motoci cewa irin wannan mota ba ta cika kyau sai an sa mata gajeren sifirin, ta kwanta kusa da ƙasa, ta riƙe kwana. Wanda ya rubuta bai taɓa ganin hanyar Kibiya ba, amma ya iya rubutu.

Na kai wa Mato bakanike maganar. Ya ce abu mai sauƙi, a yanke nata da wutar walda. Na ce a'a, yankakke tsalle yake yi, kuma yana kashe shokazoba. Ya ce, "To Malam, kowa a Rano ɗaga mota yake yi. Kai kaɗai ka zo a sauke maka."

Asabar, 13 ga Yuni

Kano, kasuwar kayan gyaran motoci ta Ƙofar Ruwa. Sifirin iri biyu na samu: mai sauke ta kaɗan, da mai sauke ta sosai. Hankali ya ce na farko. Na tuna hanyar ƙauyenmu Kahu, da kwazazzabon nan na bayan makaranta, da yadda Yaya Dalhatu ke aiko mini duk Juma'a cewa akwai abin ɗauka. Na sayi na biyu.

Lahadi, 14 ga Yuni

An sa. Ta yi kyau ƙwarai. Bayana ne bai yarda ba.

Juma'a, 19 ga Yuni

Yaya ya kira, wai in kai masa taki. Na ce wallahi motar ba za ta shiga Kahu ba. Karo na farko da na ƙi shi da gaskiya tsantsa. Ya yi dariya ya ce, "Audu, ka sayi mota ko ka sayi uzuri?" Muryarsa ta ɗan yi nauyi. Na ɗauka waya ce.

Mutanen Yalwa sun yi sabon tudun rage gudu da ƙasa da dutse. Na hau shi a karkace kamar kaguwa, masu shayi suna ba ni shawara.

Laraba, 24 ga Yuni

Fanta, 'yar Yaya, ta kira da hantsi. "Baffa, Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ba ya motsi." Na fita ko hula ban sa ba.

An yi ruwa jiya. A kwazazzabon nan, cikin motar ya zauna a kan ƙasa, tayoyi suna juyawa a banza. Daga nan ana hango rufin gidansa. Da ƙafa na ƙarasa. A kan babur muka fito da shi, wani maƙwabci yana tuƙi, ni ina rungume da shi ta baya, ƙafarsa ta hagu tana jan laka. Mutane suka ciccibo motar suka juya ta. Da sun zage ni da ya fi sauƙi.

Da muka zura shi cikin kujerar, ya dube ni da rabin baki ya ce, "Audu, tun yanzu za ka sa ni a rami?"

Alhamis, 25 ga Yuni

Asibiti, Kano. Likita ya tambayi lokacin da ya faɗi da lokacin da muka iso. Na faɗa. Ya rubuta, bai ɗago kai ba.

Litinin, 29 ga Yuni

Yatsun hannun sun motsa. Ƙafar tukuna. Za a sallame shi, amma sai an riƙa kawo shi gashin ƙashi duk mako, har watanni.

Juma'a, 3 ga Yuli

Na kai wa Mato motar a sauya sifirin. Na ce saboda damina ne, salansa tana shan wahala. Ya ce a mayar da ita yadda kamfani ya yi? Na ce ya ɗan ƙara a kai. Ya dubi fuskata, ya ɗauko kayan aikinsa.

Yanzu ta yi tsaye kamar zakara a kan katanga. Muni dai ta yi muni.

Na sa ya matsar da kujerar gefe baya har ƙarshe. Yaya dogo ne, kuma ƙafar ba ta lanƙwasuwa.