Tubalin Nambewe

Litinin, 25 ga Oktoba
Matata Nambewe ta sake fita da bokiti tun sassafe. Wai ɗakin haihuwa za su gina wa ƙauye da aikin gayya, don mata su daina haihuwa a kan hanya. Shekara talatin na yi ina koyarwa, na ga kwamiti goma sha, kowanne da harsashin da ciyawa ta cinye. Na faɗa mata. Ta ce, "To, Hedimasta, ka zauna ka gyara wa kaji Turanci." Nsima ma, tuwon masararmu, da sanyi na ci.

Alhamis, 4 ga Nuwamba
Sun gama buga tubalin, an jera a fili yana shan rana. Saura gashi, kafin ruwan fari. Nambewe tana tari, ba ta so in ji.

Asabar, 13 ga Nuwamba
Ta faɗi a bakin ramin laka. Kafin a samo keke, ta cika.

Lahadi, 14 ga Nuwamba
An shimfiɗa ɗanyen ganye a kan hanya, alamar rasuwa. Ba mai taɓa fartanya ko bokiti sai an binne, an yi askin makoki. Haka muka taso.

Da la'asar hadari ya haɗo. Nachisale, ƙawarta, ta durƙusa kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa: "Baban Tadala, tubalin a buɗe yake. Mai gari ya ce kai kaɗai za ka iya sallamar mutane su je su rufe." Na ce mata matata na kwance a ɗaki, ke kina min zancen laka? Ta tashi.

Na ji saukar ruwan a kan kwano. Gidan cike da mutane, ba wanda ya motsa. Waƙar coci kawai suka ƙara wa ƙarfi.

Talata, 16 ga Nuwamba
An binne jiya. Yau aski.

Laraba, 17 ga Nuwamba
Na je filin. Taɓo. Nan da can kusurwar tubali, wata da shatin yatsu. Wata biyu tana ɗaukar ruwa a ka. Kalma ɗaya suka nema a bakina, ni mai yawan kalmomi.

Ba wanda ya zarge ni. Da ma sun yi.

Juma'a, 26 ga Nuwamba
Surin nan na gefen gonata ya daɗe yana ci min wuri. Na ce wa Nachisale su zo su kwashe ƙasarsa idan damina ta wuce, ba ƙasar da ta fi ta yin tubali. Ta ce, "Hedimasta, kwamiti ka shiga ke nan?" Na ce gonata nake gyarawa.

Na auna filin da igiya. Harsashin ɗakin da suka haƙa ya karkace ta gabas. Dole wani ya tsaya a kansu.