Baba, 'Yar Tasha Ta Fi Ni Saninka

Zuwa ga mahaifina, marigayi Sajan Mamman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ta kamaci 'ya ga mahaifinta, ina fatan Allah ya yalwata maka makwanci, ya sa kana cikin rahama. Ni ce Zuwaira, daga nan gida Matameye. Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwar da ka bar ta da shi. Jikokinka mata uku sun girma. Gonar hanyar Kance ta yi gero bana, alhamdu lillahi.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Masu bin shafina su za su karanta, kuma wasunsu za su ce ba a yi wa mamaci irin wannan magana. Su yi haƙuri. Shekara biyu ke nan da rasuwarka ina ɗauke da ita, ta yi mini nauyi. Baba, kishi nake yi, kuma a kanka nake yin sa.

Tun da na buɗe ido na tarar kai ɗan sandan jirgin ƙasa ne a Nijeriya, a wata 'yar tasha can gaba da Kano. Mahaifinka mutumin can ne, mahaifiyarka 'yar nan, kuma saboda ita ka bar mu a Matameye, garin da babu ko taku ɗaya na layin dogo. Kana zuwa da sallah, kana zuwa in an ba ka hutu. Kakan sauka daga motar Ɗan Barto da 'yar jakarka da burodin Kano, cikin riga da hula kamar kowa, domin ba a ƙetare iyaka da kaki. Har ka koma ga Allah ban taɓa ganinka cikin kayan aikinka ba, sai a hoto guda.

A gida ba ka da magana. Kakan zauna gindin darbejiya da rediyo a kunne, ni kuwa in yi ta zagaya ka ina neman hanyar shiga. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambaye ka yadda jirgin ƙasa yake. Ka ce, "Ƙarfe ne bisa ƙarfe, Zuwaira. Je ki taya Innarki aiki." Iyakar labarin jirgi da na samu a bakinka ke nan.

Duk da haka a lakol, wato makarantarmu ta boko, ni ce mai baki. Ina gaya wa yara babana shi ke tsayar da jirgi da hannu ɗaya. Ina zana maka taragai a bayan kayena na rubutun aji, alhali ban taɓa ganin ko ɗaya ba.

Da na ci jarrabawar birebe sai aka buɗe kwankur, wato gasar shiga aikin 'yan sanda, a Damagaram. Na tara takarduna kaf, na yi wata biyu ina gudun safe a filin ƙwallo ba tare da kowa ya sani ba sai Inna. Na jira ka zo sallar layya, na kawo maka takardar da uba ke sa wa hannu. Na ɗauka ranar za ka dube ni sosai. Ka karanta ta har ƙasa, ka ninke ta biyu, ka miƙo mini.

"Wannan ba aikinki ba ne. Ki tafi koyarwa."

Na tafi koyarwa. Yau shekara goma sha uku ina riƙe da alli a wani ƙauye na Kurni, kuma ba na ƙin aikin. Amma ban taɓa manta yadda ka ninke takardar nan ba.

Da ka yi ritaya ka dawo gida, na ce to, yanzu Baba namu ne. Sai ga waya. Kullum ta yi ƙara, ka tashi ka zaga bayan rumbu. Rannan na zo kai maka fura sai na ji kana dariya, dariya har da tari, kana cewa, "A'a, 'yata, ba haka ake yi da makiyaya ba. Ki fara gaida babbansu tukuna." Na tsaya da ƙwarya a hannu. Ban san kana da irin wannan dariyar ba. Kuma ban san kana da wata 'ya da ake ba shawara ba. Na tambayi Inna, ta ce, "Mutanensa ne na wurin aiki." Daga ranar abin ya fara cina.

Ka yi jinyar wata huɗu, ni na yi ta. Ni na kai ka asibitin Damagaram, ni na riƙe maka kofi. Ko a lokacin ba ka ba ni labarin komai ba.

Ranar sadakar uku sai ga mota cike da baƙi daga Nijeriya ta tsaya ƙofar gida. Ba mu san ko ɗayansu ba. Akwai wata tsohuwa mai sayar da tuwo a tasharku, ta ce kai ka sa aka matsar da rumfunan kasuwa daga bakin dogo, ba da sanda ba, da zama gidan mai unguwa mako bayan mako har suka yarda. Akwai wani Bafillace da ya ce kai ka nema musu wurin ƙetarar da shanu, ka rubuta masa lokutan wucewar jirgi a jikin kwali. Akwai shugaban makarantar firamare, ya ce duk ranar Laraba kana shiga aji aji kana koya wa yara hatsarin dogo, kana kwaikwayon kukan jirgi da bakinka har su faɗi don dariya.

Kai, Baba? Kai ke kwaikwayon kukan jirgi?

Sannan ga ta. Doguwa, baƙa, cikin hijabi ruwan toka. Ta durƙusa gaban Inna ta fashe da kuka tana cewa, "Babana ya tafi, Babana ya tafi." Ta fi ni kuka. Mata suka riƙa kallona, suna kallonta. Sunanta Lantana, kofur ce a aikinku, kuma ita ce mai wayar bayan rumbu.

Da ta natsu ta ba mu labari. Ta ce tana ƙarama dafaffiyar gyaɗa take sayarwa tsakanin taragai, ubanta ya rasu, uwarta ba lafiya. Ka kore ta daga kan dogo ya fi sau goma, kullum ta dawo. Daga ƙarshe ka je ka sami uwar, ka mayar da yarinyar makaranta. Da ta gama, kai ka karɓo mata takardar shiga aikin, kai ka cika mata, kai ka riƙa fita da ita gudu bayan sallar asuba kana bin ta a keke, kai ka raka ta har ƙofar makarantar horo. Na tambaye ta wace shekara ce. Ta faɗa. Shekara biyu ne bayan ka ninke tawa.

Na tashi na shiga ɗaki. Aka ɗauka kukan rashinka ne ya taso mini.

Kafin su tafi ta same ni a madafa. Ta ce, "Yaya Zuwaira, akwai wani littafin Baba mai baƙin bango, wanda yake shiga aji da shi. Ya ce zai ba ni, Allah bai nufa ba. Ko kin gan shi cikin kayansa?"

Na dube ta ido cikin ido na ce ban gani ba. Ƙarya na yi, Baba, kwana uku da binne ka. Littafin yana cikin akwatina.

Bayan an watse na buɗe shi. Ashe ka iya zane. Ga jirgi, ga yaro da akuya a kan dogo, ga mace da tire tana leƙa ƙarƙashin tarago. A ƙasan kowane zane ka rubuta abin da za ka faɗa wa yara. Wani wuri ka rubuta, "In kun ji ƙarfe yana rawa a tafin ƙafarku, ku sauka, ko da ba ku hango komai ba." Can baya kuma sunayen yara ne, shafi bayan shafi, da 'yar magana a gaban kowane: wannan kurma ne, a gaya wa yayansa, wannan ya daina zuwa aji, a je gidansu. Sunan Lantana ya fito sau da yawa har na daina ƙirgawa. Na bi littafin daga bango zuwa bango ina neman nawa. Babu. Na san littafin aiki ne, na san babu dalilin da zai sa sunana ya shiga. Duk da haka na sake bi.

Da babban hutu ya zo na kasa zama. Na ce wa maigidana zan je in ga inda ka yi rayuwarka. Na bi ta Ɗan Barto kamar yadda kake bi, da littafin a ƙasan jakata, ban yanke abin da zan yi da shi ba.

Lantana ta tarbe ni cikin kaki. Yadda take tsayawa da hannu ɗaya a baya, tsayuwarka ce. Ta sauke ni gidanta, mijinta ya bar mana ɗaki. Washegari na ga jirgi karo na farko, ina da shekara talatin da biyar. Ƙasa ta girgiza, na riƙe hannunta kamar yarinya, na ji haushin kaina na sake shi.

Kwana huɗu ina bin ta. Na ga aikin da na yi wa kuka. Raba faɗan fasinja da mai dako. Lallashin wata mata da ke shanya barkono a kan dogo. Tafiya mai nisa cikin rana don a duba inda aka kwance ƙusoshi. Zama da makiyaya, tana fara gaida babbansu. Duk inda muka bi sai a ce, "Wannan ce 'yar Sajan ta Nijar?" a riƙe hannuna ana addu'a. Kowa yana da labarinka, ni kaɗai ba ni da.

Rana ta huɗu muka zauna inuwar tasha bayan azahar, sai abin ya ɓalle mini. Na ce, "Lantana, kin san ni ma na nemi aikin nan? Ya hana ni, ke ya kai ki da hannunsa."

Sai ta nuna mini wani ɗan ɗaki a ƙarshen tashar. Ta ce, "Yaya, kin ga ɗakin can? Tabarmi ne a ciki. In jirgi ya taka mutum, mu ke zuwa mu tattara abin da ya rage. Watana na biyu a aiki aka taka wani tsoho. Baba ya ce in kama bakin tabarma. Na yi amai, na kwana uku ban ci abinci ba. Na ce masa don me ya kawo ni nan. Ya ce, 'Don ba ni da wata ƙofar da zan iya buɗe miki sai wannan. Da ina da ita, da can na kai ki.'"

Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Kullum in ya ambace ki sai ya ce, 'Zuwairata malama ce, hannunta alli kawai ya sani.' Ke ya ɓoye, ni ya fitar rana. Kin san sau nawa na kwanta ina cewa ina ma ni ce wadda ake ɓoyewa?"

Na buɗe jaka na ciro littafin na ɗora mata a cinya. Na ce, "Ƙarya na yi miki." Ta ce, "Na sani tun ranar. Idonki irin nasa ne, ba ya iya ƙarya." Muka yi dariya, muka yi kuka, mai tuwo ta kawo mana ruwa.

Kada ka ɗauka na warke, Babana. Na gane ka so ni ne da hani, na kuma gode. Amma ba ka tambaye ni ba. Wataƙila da na iya kama bakin tabarmar. Wataƙila da na kasa, in dawo da ƙafata. Ko ba ka bar ni na shiga aikin ba, da ka zaunar da ni sau ɗaya ka faɗa mini abin da idonka ya gani, da ya ishe ni. Ka tsare ni daga munin aikinka, sai ka haɗa da daɗinsa, ka haɗa da kanka.

Yanzu duk Juma'a Lantana tana kiran Inna, su daɗe suna hira. Kuma watan jiya ta haihu. Namiji. Ta sa masa sunanka. Ni da na haifi mata uku ina jiran Allah ya ba ni wanda zan kira Mamman, ta riga ni. Da na ji labari na zauna bakin gado har Inna ta leƙo ta ce, "To, uwar yaro, ba za ki tashi ki yi ɗinki ba?" Na tashi. Na ɗinka masa riguna uku, na je suna. Da aka miƙo mini shi, mutanen tasha suka ce, "Ga Sajan ya dawo hannun 'yarsa." Na rungume shi na ƙi ba kowa har aka yi la'asar.

Ya Allah, ka gafarta wa mahaifina, ka haskaka kabarinsa. Ka sa kowane yaro da ya sauko daga kan dogo saboda maganarsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka tsare Lantana a bakin aikinta, ka sa tabarmin ɗakin nan su daɗe a naɗe. Ka raya Mamman ƙarami. Ni kuma ka wanke mini zuciya, domin ni kaɗai na kasa.

Wata rana yaron nan zai girma ya tambaye ni wane ne mai sunansa. Na riga na san amsar da zan ba shi: je ka tambayi uwarka, ta fi ni saninsa. Ina ta gwada faɗar ta ni kaɗai a hanyar lakol, Baba. Har yau kafin in kai ƙarshenta sai muryata ta karye.

Ka huta lafiya.

'Yarka ta gida,
Zuwaira,
Matameye.