Bangon Auta

Zuwa ga Maman yara,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Auta ce dai ta sa ni tunani. Tun da ta cika sha biyar magana ta yi mata tsada, madubin ɗakinta ma ta juya shi ya kalli bango. Jiya na shiga ɗakin ajiya neman ragowar fentin da nake dawowa da shi daga aiki, na tarar gwangwanayen sun yi rabi, bangon kuwa ta dame shi kaf. Ba mutum, ba bishiya, ba gida. Shuɗi ne ya hau kan ja, rawaya na tsiyaya ta tsakiya. Shekara ashirin da biyu ina fenti ban taɓa barin ɗigo a bangon wani ba, sai ga shi a gidana. Na yi mata faɗa sosai. Jibi zan shafe shi da fari.

Naki,
Baban yara

Maman yara,

Ina fata kin tashi lafiya, Inna kuma ta fara cin abinci.

Ban shafe ba. Na haɗa farin, na kifa wani bokiti na zauna in ɗan huta. Hasken hantsi ya shigo ta taga, sai shuɗin ya fara motsi kamar ruwa mai zurfi, jan kuma na ƙasa yana neman hanyar fitowa. Na tuna ina shekarunta, lokacin da muryata ta fashe, ina yawo kamar an ba ni aron jikin wani. Ban farga ba sai da farin ya yi fata a bokiti.

A haka ta same ni. Na tambaye ta mene ne wannan. Ta ce, “Ni ce, Baba. Ta wannan watan.” Na ce to ina fuskar? Ta ce ba ta iso ba tukuna. Na nuna rawayar, ta ce ke ce, ranar da kika tafi. Sai na kama wanke burushin da ban tsoma a komai ba.

Mijinki,
Baban yara

Maman yara,

Barka da samun sauƙin Inna. Muna ta ƙirga kwanakin dawowarki.

Ba za ki ga zanen ba. Ita da kanta ta shafe shi da fari, kuma aiki tsaf, gadon gida. Wallahi na ji kamar an yi mini rashi. Ta ce ya matse ta ne, kamar rigar bara.

Sai ta roƙe ni in haɗa mata wani launi da ta gani a mafarki, tsakanin kore da toka, irin na sama kafin ruwa ya sauko. Muka wuni a tsakar gida, ina zubawa tana girgiza kai. Sau goma sha ɗaya. A na sha biyu ta daɗe tana kallon sandar juyi, ta ce ya kusa, ta ƙyalƙyale da wata dariya da ban san ta da ita ba.

Ki shirya zuciyarki. Yarinyar da kika bari ba ita za ki tarar ba, amma ina jin za ku saba da wannan.

Naki har kullum,
Baban yara