Gilasan Akwati na Goma Sha Bakwai

Zuwa ga aminiyata Doguwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Yaya ƙafar? Ina fatan kina shan maganin hawan jinin nan, ba ajiye shi kike yi a kan firiji yana kallonki ba, don na san halinki.

Dalilin wannan takarda shi ne in sanar da ke za a rushe ɗakin gwajinmu na asibiti. An gama sabon gini a bayan sashen duba matafiya, an cika shi da injuna, an ce ƙarshen wata kowa ya kwashe komatsansa. Ni aka bar wa tantance akwatunan gilasan jini, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka shafa su. Sabuwar shugabarmu sa'ar 'yarki ta fari ce, Ƙaramar Likita muke ce mata. Ta ce in zaɓi kaɗan na tarihi, sauran a zubar. Ba da raini ta faɗa ba, wurin ajiya ne babu.

Doguwa, kwana uku ina buɗe akwatuna ban iya jefar da ko ɗaya ba. Kowane gilashi da rubutunki a gefe, da bakwai ɗin nan naki mai kama da ƙugiya, wanda Babban Likita, Allah ya ji ƙansa, ya sha yi miki faɗa a kai. Teburinmu na bakin taga yana nan, har da tabon shuɗin rini inda kika kifar da kwalba kika ce iska ce. Famfon ma bai daina ɗiga ba. Sai na yi ta tuna shekarun da muke bin ƙauyuka muna shafa wuyan mutane muna neman kaluluwa, ƙudan tsando na bin mu har cikin mota. Kin tuna tsohon da ya rantse lafiyarsa ƙalau? Kika huda masa yatsa, kika ce ya leƙa madubin duba jini da kansa. Ya ga abu yana wutsil-wutsil, ya yi tsalle da baya yana salati, ya ce a cire masa su yau ba gobe ba.

Shekara goma sha biyar ke nan ba a kawo mana mai ciwon barci ba. Abin da muka yi ta roƙo ke nan, alhamdu lillahi. Amma yaran yanzu a littafi kawai suka san shi.

Ni lafiya lau, sai ɗan sugan nan. A gaida mutan gida.

Taki har kullum,
Gajera

Zuwa ga Doguwa,

Sallama da gaisuwa. Na samu amsarki, na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi. Kin ce rubutuna ya ƙara girma, kin tambaye ni ko da gawayi nake rubutu yanzu. Na yi dariya, amma tambayar ta zauna min. Bari in ba ki labari, a ciki za ki sami amsa.

Ranar Talata aka kwantar da wani mai awon hanya. Wata biyu ya yi a dajin wata ƙasa suna auna inda titi zai bi, ya dawo da zazzaɓi. Sau biyu ana ba shi maganin zazzaɓin sauro, jiki sai ƙara rikicewa yake. Sabbin injuna sun duba abin da aka tambaye su, sun ce babu. Matarsa tana zaune a baranda da tsohon ciki, duk wanda ya wuce da farar riga sai ta miƙe.

Ƙaramar Likita ce ta shigo da kanta, ina tsakiyar ƙura da akwatuna. Ta ce, "Mama, akwai wani miki a ƙafarsa, ya ce ƙuda ne ya cije shi. Ko za ki duba min da tsohon madubinki?"

Na ɗiga jinin a gilashi, na sa ido. Doguwa, hazo kawai na gani. Yau wata takwas ke nan idona na hagu ya tafi, na dama kuma yana bin sa a hankali. Suga ne. Ban gaya wa kowa ba, har 'ya'yana. Aiki mai wuya sai in tura wa wani in ce yara su koya. A cikin hazon nan na ga kamar ƙwayoyin jinin suna girgiza, irin girgizar da kika sani, kamar wani abu yana ratsa su. Zuciyata ta ce shi ne, ciwon barci. Amma maganin ciwon nan ba abin wasa ba ne, ba a ɗura wa mutum shi a kan "kamar". In kuma na yi shiru na ce ban ga komai ba, mutumin nan ba zai ga abin da matarsa za ta haifa ba.

Na ɗago kai na ce, "'Yata, ba na gani sosai. Na daɗe ba na gani."

Sai ta jawo kujera. Na rina jinin, muka jira ya bushe. Na lalubo akwati na goma sha bakwai, na ciro gilashi guda cikin waɗanda kika shafa da hannunki. Na ce ta fara duba naki, ta ƙare wa ƙwaron da ke ciki kallo: siririn jiki, da 'yar bulala a baki. Sannan na ɗora na majinyacin. Ina gaya mata ta bi gefe-gefe inda jinin ya yi siriri, kada ta yi gaggawa, kamar yadda Babban Likita yake tsaya mana a kai. Ta fi minti ashirin. Can sai na ji ta ja numfashi ta ce, "Mama, ga shi. Ga wani ma."

A ranar aka nemo magani. Ni kuwa na koma gida na tara 'ya'yana na faɗa musu gaskiya. Babbar ta yi kuka, ta yi faɗa, irin faɗanki sak.

Ki sa mu a addu'a, ni da shi.

Taki,
Gajera

Zuwa ga Doguwa,

Gaisuwa da fatan alheri. Faɗan da kika yi min shafi biyu ya iso, na karɓa, na cancanta. Amma kada ki taso da wannan ƙafar, ki bari sai ta warke.

Likitan ido ya ce na hagu sai haƙuri, na dama kuma za a iya riƙe shi in na kiyaye baki. Na ajiye aikin dubawa. Ƙaramar Likita ta hana a zubar da akwatunan, ta kwashe takardunta daga kabad ɗin ofishinta ta jera su a ciki. Duk Laraba zan riƙa zuwa in zauna da sabbin ma'aikata, su da ido, ni da baki. Jiya aka cire rufin tsohon ɗakin gwajinmu. Ban je kallo ba.

Yau da hantsi ina sabon ginin, ina ta ɓata tsakanin ƙofofi iri ɗaya, sai na ji muryar namiji yana tambayar ina tsohuwar da ta gano masa ciwo. Mai awon hanya ne, an sallame shi, matarsa na biye da shi tana tafiya da ƙyar. Ya durƙusa har ƙasa yana godiya. Na ce ya tashi, ni rabin aikin na yi, akwai wata doguwar mata a can nesa da ta yi nata rabin tun bai shiga makaranta ba. Ya ce in isar miki da gaisuwarsa, ga ta na isar.

Fuskarsa ban gan ta sosai ba, Doguwa, ba zan iya gaya miki kamanninsa ba. Sai na ce ya matso, na ɗora tafin hannuna a goshinsa. Sanyi ƙalau.

Taki har abada,
Gajera